Bitamin D da Lafiyar Zuciyar Iyayenmu Mata Bayan Daina Al'ada

Duk ranar awon ciki, idan kika duba kan benci za ki ga ba masu juna biyu kaɗai ke zaune ba. Akwai iyaye da surukai da gwaggwanni da suka yi rakiya, suna riƙe da jaka da kati, suna jira a kira sunan 'yarsu. Ke za a auna jininki, a gwada fitsarinki, a saurari bugun zuciyar abin da ke cikinki. Ita kuwa wadda ta rako ki, wata ta yi shekara biyar ko goma rabon da a ɗaura mata abin awon jini a hannu. Ita ce kuma za ta zo ta zauna da ke idan kin haihu, ta dafa ruwan wanka, ta dama kunu, ta goyi jariri. Saboda haka lafiyarta tana cikin shirin haihuwarki.

A 'yan shekarun nan ana yawan tallata ƙwayoyin bitamin D ga mata masu manyan shekaru, a kemis da rediyo da wayar hannu. Ana cewa suna ƙarfafa ƙashi, suna saukar da hawan jini, suna hana ciwon zuciya. 'Ya'ya da yawa suna saya wa iyayensu da zuciya ɗaya, wani lokaci da kuɗin da ya kamata a sayi maganin hawan jini da shi. Shin da gaske bitamin D yana kare zuciyar macen da ta daina al'ada? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a wannan fitowa, tare da abin da ya shafe ki ke mai ciki a cikin maganar.

Me ke samun zuciya bayan al'ada ta ɗauke?

Yawancin mata suna daina ganin jinin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, kuma ba ciki ba ne, ba shayarwa ba ce, ba wata cuta ba ce ta jawo, to ta shiga wannan mataki. Ba ciwo ba ne, sauyi ne da kowace mace za ta riska idan rai ya yi tsawo.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne ƙwan mace ya daina samar da sinadarin istirojin da yawa kamar da. Wannan sinadari yana taimaka wa jijiyoyin jini su kasance da laushi, yana kuma rage saurin zaizayewar ƙashi. Idan ya ragu, sai kitsen nan mai toshe jijiya, wanda likitoci ke kira kolestarol, ya ƙaru a cikin jini. Ƙiba tana taruwa a ciki da ƙugu, jijiyoyi suna yin tauri, jini yana hawa, sukari ma yana iya hawa. A ɓangaren ƙashi kuma, shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada su ne lokacin da ƙashin mace ya fi saurin yin rauni.

Mutane da yawa suna ɗaukar ciwon zuciya a matsayin ciwon maza. Amma wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana a shekarar 2021 cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne ke haddasa kimanin kashi 35 cikin 100 na mutuwar mata a duniya kowace shekara. Babu wata cuta da ta kai su kashe mata. A ƙasashenmu abin ya fi zuwa ta hanyar hawan jini, wanda ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko lalacewar ƙoda. Macen da al'adarta ta ɗauke da wuri, kafin shekara 45, haɗarinta ya fi na sauran.

Mene ne bitamin D, kuma ina ake samunsa?

Bitamin D ya sha bamban da sauran bitamin, domin jiki ne ke haɗa mafi yawansa da kansa. Idan hasken rana ya taɓa fata kai tsaye, sai wani sinadari da ke cikin fatar ya rikiɗe ya zama bitamin D. Daga nan jini ya kai shi hanta ta sarrafa shi, sannan ƙoda ta ƙarasa aikin, ta mai da shi yadda jiki zai iya amfani da shi. Shi ya sa mai ciwon hanta ko ciwon ƙoda yake iya samun matsala da shi ko da yana shan rana.

Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci. Kalsiyam shi ne tubalin da ake gina ƙashi da haƙori da shi. Idan bitamin D ya yi ƙaranci, kalsiyam kaɗan ne ke shiga jini, sai jiki ya koma yana ɗiba daga ƙashi don ya cike giɓin.

Abincin da ke ɗauke da shi ba shi da yawa. Akwai kifi mai maiƙo irin su sadin da kifin nan da ake kira taitus, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Wasu nau'o'in madarar gari da man shafa wa burodi ana ƙara musu shi a masana'anta, kuma za ki ga an rubuta a jikin gwangwani. Ana auna shi da wani ma'auni da ake rubutawa IU. Cibiyar nazarin harkokin likitanci ta Amurka ta ƙayyade a rahotonta na shekarar 2011 cewa babban mutum yana buƙatar IU 600 a rana har zuwa shekara 70, daga nan kuma IU 800. Gwaiduwar ƙwai ɗaya tana da kimanin IU 40 ne kawai. Kin ga ke nan abinci shi kaɗai da wuya ya wadatar, rana ce babbar hanya.

Ga rana a waje, ga ƙaranci a jiki

Za ki iya cewa, mu da rana ke dukan mu daga safe har yamma, me zai haɗa mu da ƙarancin bitamin D? Masana ma sun daɗe suna wannan zato. Sai a shekarar 2020 aka tattara sakamakon bincike sama da ɗari da aka yi a ƙasashen Afirka, aka gano cewa kimanin mutum ɗaya cikin uku yana da ƙarancinsa. Abin ya fi yawa ga mata, da jarirai sababbin haihuwa, da mazauna birane.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Baƙar fata tana tare wani kaso na hasken da ke haɗa bitamin D, don haka tana buƙatar daɗewa a rana fiye da farar fata. Fatar tsoho kuma ba ta haɗa shi kamar ta yaro: ta mai shekara 70 ba ta kai rabin abin da ta matashi ke haɗawa ba. Tufafi suna tare hasken, gilashin taga ma yana tare shi, haka ƙura da hazon hunturu suna rage shi. Ki tuna yadda dattijuwa ke yini a gidajenmu na birni. Da safe tana ɗaki, da rana tana inuwar baranda, idan za ta fita unguwa ta rufe jikinta duka ta shiga mota ko a-daidaita-sahu. A gidajen haya da benaye ma babu tsakar gidan da za a sha hantsi. Idan kuma tana da ƙiba, kitsen jiki yana riƙe bitamin D, ya hana shi yawo a cikin jini yadda ya kamata.

Yadda aka fara danganta shi da zuciya

Masu bincike sun lura cewa akwai wuraren karɓar bitamin D a jikin tsokar zuciya da bangon jijiyoyin jini. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana da hannu wajen daidaita wani sinadari na ƙoda da ke ɗaga jini. Daga nan aka juya kan mutane. A shekarar 2008 aka wallafa wani bincike daga garin Firamingham na Amurka, inda aka bi diddigin mutum 1,739 na tsawon shekara biyar da 'yan watanni. Waɗanda bitamin D ya yi ƙasa a jininsu sun fi sauran kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar jiki da kimanin kashi 60 cikin 100. Bincike iri-iri a wasu ƙasashe suka biyo baya da sakamako mai kama da wannan. Nan da nan kasuwar ƙwayoyin bitamin D ta buɗe.

Sai dai akwai abin lura. Ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Ɗauki misalin furfura. Idan aka ƙirga, masu furfura sun fi masu baƙin gashi yawan ciwon zuciya, amma babu wanda zai ce rina gashi zai warkar da zuciya. Shekaru ne suka kawo duka biyun. Haka abin yake iya kasancewa da bitamin D. Macen da ba ta da lafiya ba ta fita rana. Mai ƙiba, da mai ciwon ƙoda, da wadda ba ta motsa jiki, duk bitamin D ɗinsu yana yin ƙasa, kuma dama can su ne suka fi haɗarin ciwon zuciya.

Hanyar raba gardama ita ce a ɗauki mutane da yawa, a kasa su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su bitamin D, ɗaya kashin a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. Bayan shekaru sai a ƙirga waɗanda suka kamu a kowane ɓangare. An yi hakan, kuma ba sau ɗaya ba.

Abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna

Na farko shi ne gwajin da ake kira WHI a Amurka, wanda aka yi shi a kan matan da suka daina al'ada zalla. Mata 36,282 ne suka shiga, 'yan shekara 50 zuwa 79. Rabinsu sun riƙa shan kalsiyam miligiram 1,000 da bitamin D IU 400 kullum, har kimanin shekara bakwai. Sakamakon da ya shafi zuciya ya fito a shekarar 2007: yawan bugun zuciya da shanyewar jiki bai bambanta ba tsakanin ɓangarorin biyu. An ga ƙashin ƙugu ya ɗan ƙara ƙarfi ga masu shan maganin, amma kuma tsakuwar ƙoda ta ƙaru a cikinsu da kashi 17 cikin 100.

Wasu suka ce ai IU 400 ya yi kaɗan. Sai aka shirya wani gwajin mai suna VITAL, shi ma a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa JoAnn Manson ta jami'ar Harvard. Mutum 25,871 suka shiga, kusan rabinsu mata ne 'yan shekara 55 zuwa sama, kuma sama da 5,000 daga cikin mahalartan baƙar fata ne. An ba su IU 2,000 kullum, wato ninki biyar na wancan, na tsawon shekara biyar da ɗoriya. Da aka bayyana sakamako a shekarar 2018, bugun zuciya da shanyewar jiki ba su ragu ba.

A ƙasar Niyuzilan an gwada ba da babban adadi sau ɗaya a wata, IU 100,000, ga mutum fiye da 5,000. Sakamakon shekarar 2017 bai nuna wata kariya ba. A Ostireliya an yi irinsa da mutum fiye da 21,000 masu shekara 60 zuwa sama, aka wallafa a 2023. Nan an ga ɗan raguwa, amma ƙanƙantarta ba ta isa a tabbatar cewa maganin ne ya kawo ta ba. Haka kuma a shekarar 2019 an haɗa gwaje-gwaje 21 da suka ƙunshi mutum fiye da 83,000, aka duba su gaba ɗaya, amsar ta fito iri ɗaya: shan bitamin D bai rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa ta dalilinsu ba.

Yawancin waɗanda suka shiga waɗannan gwaje-gwaje dama suna da isasshen bitamin D a jininsu. Don haka darasin shi ne ƙari a kan abin da ya riga ya isa ba ya ƙara wa zuciya komai. Wadda take da ƙarancinsa na gaske tana buƙatar magani, amma dalilin ba ta maganin shi ne ƙashinta da tsokarta.

Inda amfaninsa yake: ƙashi da tsoka

Ƙarancin bitamin D mai tsanani yana sa ƙashin babban mutum ya yi laushi. Alamominsa su ne ciwon baya da ƙugu da cinyoyi wanda ba ya tafiya, da raunin tsokar cinya. Za ki ga Inna tana shan wahalar tashi daga tabarma sai ta dafa bango, hawan matakala yana gagarar ta, tafiyarta tana rangaji. A gida akan ce sanyi ne ko tsufa. Wani lokaci tsufan ne, wani lokaci kuma abu ne da magani ke gyarawa cikin 'yan watanni. Raunin ƙashi tare da raunin tsoka shi ke kawo faɗuwa da karayar ƙugu, kuma karayar ƙugu tana kwantar da tsohuwa kwanciyar da wasu ba sa tashi daga ita.

Bitamin D kuma ba ya aiki shi kaɗai, sai da kalsiyam. Wani bincike da aka yi a Jos, aka wallafa a shekarar 1999, ya koya wa duniya wannan darasi. An duba yara 123 masu lanƙwasar ƙashin ƙafa, irin gwame da ƙafar baka. An tarar abincinsu yana ba su kalsiyam kimanin miligiram 200 ne kawai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Tukunyar da yaran ke ci ita ce iyayensu da kakanninsu ke ci. Macen da ta haura shekara 50 tana buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,200 a rana, kuma tuwo da miya marar ganye ba za su kai ta ko kusa ba.

Abin farin ciki, muna da shi a kasuwanninmu. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana ba da kusan miligiram 300. Akwai cuku, da ƙananan kifi busassu da ake ci da ƙayarsu ko a daka su a zuba a miya, da kuka, da zogale, da riɗi, da tamba, da wake. Samun kalsiyam daga abinci ya fi samunsa daga ƙwaya, domin yana shiga jini a hankali, kuma ba a danganta shi da tsakuwar ƙoda kamar na ƙwaya ba.

Ita kuma rana, babu adadin mintoci guda da ya dace da kowa. Shawara mai sauƙi ita ce Inna ta riƙa zama a tsakar gida ko bayan ɗaki inda babu idon baƙi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, kamar minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako. Lokacin da hantsi ya ɗaga ya fi sanyin safiya amfani, domin hasken da ke haɗa bitamin D ba shi da ƙarfi da sassafe. Tana iya yin tsintar shinkafa ko gyaran ganye a lokacin. A watannin tsananin zafi a rage daɗewa, a sha ruwa sosai.

Hattara da shan ƙwayoyi barkatai

Bitamin D yana taruwa a jiki, ba ya fita da fitsari kamar wasu bitamin. Iyakar da aka ƙayyade wa babban mutum ita ce IU 4,000 a rana, sai fa idan likita ne ya rubuta fiye da haka na wani ɗan lokaci. Akwai ƙwayoyi masu IU 50,000 da ake sha sau ɗaya a mako don maganin ƙaranci. Idan aka yi kuskure aka riƙa shan su kullum, kalsiyam zai yi yawa a jini, ya kawo tashin zuciya, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da taurin bayan gida, da ruɗewa. Yana iya lalata ƙoda, ya kuma birkita bugawar zuciya. Rana ba ta jawo wannan, domin fata tana tsayar da haɗa shi idan ya isa.

Ƙwayoyin kalsiyam ma ba alewa ba ne. Wani nazari na shekarar 2010 ya nuna alamar ƙaruwar bugun zuciya ga masu shan su ba tare da bitamin D ba, kuma masana sun rabu a kan wannan sakamako. Abin da aka fi yarda da shi shi ne a fara da abinci, ƙwaya kuma ta zama ciko idan likita ya ga buƙata. Wadda ta taɓa yin tsakuwar ƙoda, ko take da ciwon ƙoda, ko take shan maganin zuciya, kada ta fara ba tare da sanin likitanta ba.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan yawa a gidajenmu, wato haɗin maganin ciwon jiki da ake saya a kemis ko a hannun masu talla. Sau da yawa a cikinsa akwai diclofenac ko ibuprofen, waɗanda yawan shan su ke ɗaga jini, ya cutar da ƙoda, ya jawo gyambon ciki. Wani haɗin kuma akwai prednisolone ko dexamethasone, masu zaizaye ƙashi, su ɗaga sukari da jini. Ciwon zai lafa na kwana biyu, amma ƙashin da zuciyar duka suna cutuwa. Ki duba jakar Inna, ki kwaso duk abin da take sha ki nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna na asibiti.

Abin da ke kare zuciya da gaske

Na farko shi ne awon jini. Hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya yin shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri. Idan awo ya nuna 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, akwai hawan jini. An tabbatar cewa saukar da lambar sama da maki 10 yana rage haɗarin shanyewar jiki da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar bitamin D ba ta nuna irin wannan ba. Idan an ɗora ta a kan magani, kullum ake sha. Saukar jini alama ce maganin yana aiki, ba dalilin ajiye shi ba ne.

Na biyu, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da dunƙulen miya da yaji. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini. A rage su a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Na uku, motsa jiki. Ana son minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya da ɗan sauri ta wadatar, ko zagayen tsakar gida ne. Mu kan ga girmamawa ce a hana tsohuwa taɓa komai, a ce ta zauna ta huta. Ki bar ta ta yi shara idan tana so, ta taka zuwa maƙwabta da ƙafa. Tafiya a waje tana ba ta motsi da rana a lokaci guda, tana ƙarfafa ƙashi, tana saukar da jini.

Na huɗu, a gwada sukari da kitsen jini, a kuma kula da ƙugu. Idan zagayen ƙugun mace ya wuce santimita 80, alama ce kitse ya fara taruwa inda yake cutarwa. A rage lemon kwalba da sukarin shayi da soye-soye, a ƙara ganye da wake da 'ya'yan itace. A nisanci taba ta kowace siga, har da ta shaƙa da ta baki, a kuma rage zama cikin hayaƙin itace a rufaffen madafi.

Alamomin da ba a jira da su

A garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: nauyi ko matsi a ƙirji, musamman idan yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, numfashi sama-sama, gumi mai sanyi da tashin zuciya, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, sarƙewar magana. Ga mata, bugun zuciya yana iya zuwa da kasala mai tsanani ko zafi a saman ciki, a ɗauka gyambon ciki ne. Kumburin ƙafafu da kasa kwanciya sai an tara filo su ma suna buƙatar ganin likita cikin gaggawa. Haka nan duk jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke da shekara guda, ko ɗigo ne, a kai ta a duba.

Ke fa mai juna biyu?

Maganar nan taki ce ta hanya biyu. Ta farko, jaririnki daga jikinki yake samun bitamin D da kalsiyam. Idan naki ya yi ƙasa, nasa ma zai yi ƙasa. Buƙatarki ta bitamin D ita ce IU 600 a rana, kuma shawarar shan hantsi da cin kifi da ƙwai da nono ta haɗa da ke. Kada ki sha man hantar kifi ko wata ƙwaya mai ƙarfi da kanki, domin man yana da bitamin A mai yawa wanda ke iya cutar da ɗan tayi. A wuraren da abinci ba shi da isasshen kalsiyam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba masu ciki ƙwayarsa don rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga. Idan an rubuta miki, ki sha, amma ki raba lokacinsa da na maganin ƙarin jini, domin ɗaya yana hana ɗaya shiga jiki.

Ta biyu, ciki yana nuna yadda zuciyarki za ta kasance nan gaba. Macen da ta yi hawan jinin ciki mai zuwa da furotin a fitsari tana da kusan ninki biyu na haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki idan ta manyanta. Wadda sukarinta ya hau lokacin ciki ita ma tana da babban haɗarin kamuwa da ciwon sukari daga baya. Idan ɗaya ya same ki, kada ki ɗauka magana ta ƙare ranar suna. Ki koma awon bayan haihuwa, ki riƙa auna jininki aƙalla sau ɗaya a shekara, ki kuma faɗa wa duk likitan da zai duba ki, ko bayan shekara 20 ne. Ki tambayi mahaifiyarki ko ta taɓa yin kumburi ko jijjiga a wani cikin. Amsarta za ta amfane ku duka biyu, domin abin yana bin dangi.

Kai kuma maigida, idan ka tashi yi wa mahaifiyarka ko surukarka alheri, ka fara da kuɗin awon jini da na sukari, da maganin hawan jini na wata-wata idan tana sha, da kifi da nono a cefane. Kwalbar bitamin ta jira sai likita ya ce ana buƙata.

Ranar awonki mai zuwa, idan an gama da ke, ki juya ki ce, "Inna, tunda mun zo, bari a auna naki jinin." Idan ta ce lafiyarta ƙalau, ki ce mata jikanta na tafe, kuma yana buƙatar bayan da zai goya shi. Awon ba ya cin minti biyar. Ki rubuta lambar da kwanan wata a takarda, ki ajiye tare da katinki.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.